Tambarin suna irin na Aztek a kan jar fatar Marwa: hannu ya iya, karatu da saura

A Domayo, cikin Marwa, akwai wani ɗan shagon dukanci da ya fito da abin da ba a saba gani ba. Ban da jakunkuna da takalma da matasai da kowane baduku ke yi, yana zana wa mutum sunansa a kan fata da rubutun hoto na mutanen Aztek, masu harshen Nawatil, waɗanda suka yi mulki a tsakiyar ƙasar Meziko har Sifaniyawa suka ci birninsu Tenochtitlan a 1521. Ɗaliban jami'a ne suka fi saye, sai masu neman tsarabar da ba kowa ke da irinta ba. Mun duba guda 14 daga cikin aikinsa, manya da ƙanana, muka gwada su da zanen da ke cikin tsofaffin kundayen Meziko. Aikin fata dai sai sambarka. A rubutun ne ake da gyara, gyaran kuwa mai yawa.

Kayan iri uku ne. Akwai maƙalar makulli mai faɗin santimita 5, sefa 1,500. Akwai allon bango na tsakiya, santimita 20 da 30, jaka 6. Sai babba, 40 da 60, mai hoton mutum a zaune da tambarin sunansa a bayan kai, jaka 15, ana ɗan ragi in an yi ciniki. Rabin kuɗi ne kafin alƙalami. Maigidan kan ce mako guda, amma ku sa kwana 10 a lissafi, balle gab da salla lokacin da ɗinkin takalma ke cinye hannun yaran shago.

Fatar akuya ce jimar bagaruwa, janta na karan dafi, baƙin gefe na kuloko, ɗinki a jere ba zare a waje. Wurin da za a yi zane ana shafe shi da fari: alli kashi 2, ƙaro kashi 1, shafi uku sirara, kowanne sai ya bushe a sa na gaba. Dabarar ta dace da asali, domin littattafan fatar barewa na tsohuwar Meziko ma sai an shafe su da farar ƙasa ake zana su. Matsalar ita ce ƙaro abokin ruwa ne. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tawadar ƙaro don a wanke ta aka yi ta. Allon da ke rataye a ɗaki zai jure, amma maƙalar makulli da ke kwana a aljihu cikin gumin watan Afrilu ba ta kai wata biyu farin bai dame ba. A maƙala ku ce a yi zanen da tsinin ƙarfe mai zafi a kan fatar kanta, a bar farin. A allo kuwa ku roƙa a bi shi da man ƙyalli na kafintoci, shafi ɗaya siriri. Biyu daga cikin manyan allunan sun tsattsage a hunturu, kuma duka biyun an labta musu farin ne da kauri a shafi ɗaya don sauri. Fata na motsi da sanyi da zafi, shafi mai kauri ba ya bin ta. Wani kuma fentinsa ya ɓantare a gefe saboda man gyaɗar da aka tausasa fatar da shi ya taɓa fuskar zane. Sannan kada a kafe allon da ƙusar baƙin ƙarfe. Fatar da aka jeme da bagaruwa in ta haɗu da ƙarfe da laimar damina baƙi take yi, irin baƙin kuloko ɗin nan, ya zagaye ƙusar ya bazu. A sa ta tagulla, ko a rataye da igiyar fata.

To, rubutun. Abin da shagon bai gama kamawa ba shi ne wannan zane karanta shi ake yi, kamar yadda ake karanta ajami. A kundayen Aztek ana zana mutum, a zana tambarinsa kusa da ƙeya, a ja ɗan layi ya haɗa su. Kowane abu a cikin tambarin kalma ce ko gaɓar kalma. Sunayen abubuwa a Nawatil suna ƙarewa da wutsiya, -tl ko -tli ko -li ko -in, wadda ke faɗuwa in an haɗa kalmomi. Ruwa atl ne, a haɗi ya zama a. Fuska xayacatl. Sarki Axayacatl, wanda ya yi mulki daga 1469 zuwa 1481, tambarinsa fuska ce da ruwa ke kwarara a kanta. Ka cire ruwan, ka cire rabin sunan. Ka ƙara fure don ado, ka ƙara kalmar xochitl, sunan ya koma na wani.

Sarakunan Tenochtitlan da shagon ya kwafa daga Kundin Mendoza, wani tsohon littafin zane na Aztek, sun fi komai kyau, kuma ba mamaki. An yi kundin wajen 1541, yana ɗakin karatu na Bodleian a Oksfod tun 1659, hotunansa kuma a fili suke ga mai waya. Acamapichtli, sarki na farko, sunansa "damin kyauro a hannu", an zana shi yadda ya kamata: damtse da tafin hannu riƙe da kyauro. Huitzilihuitl, "gashin ɗan tsuntsu mai shan zumar fure", ya fito da dogon bakinsa da fararen gasun. Axayacatl ya fi su duka. Ruwansa shuɗi ne mai baƙin layi a ciki, kowane reshe ya ƙare da ɗigo mai zagaye ko ɗan katantanwa, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙarshen shi ne shaidar ruwa a rubutun, baduku kuma bai yi ƙyuyar sa ba ko a ƙaramin allo. Wanda ke son saye ido rufe, wannan ne.

Daga nan sai tuntuɓe. Chimalpopoca, wanda ya rasu a 1427, sunansa "garkuwa mai hayaƙi", chimalli garkuwa, popoca yin hayaƙi. A kwafi biyu da muka gani, murɗaɗɗen hayaƙin an shafa masa shuɗi an ɗiga masa ɗigo, ya zama garkuwa mai ruwa. Hayaƙi toka-toka ne, ba ɗigo a bakinsa. Itzcoatl, 1427 zuwa 1440, maciji ne da tsinayen itztli jere a gadon bayansa, wato baƙin dutsen nan mai ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba da suke wuƙa da shi. A maƙalar makulli an bar tsinayen don wuri ya yi kaɗan, saura maciji tsurarsa, Coatl, sunan da talakawa da yawa ke amsawa. Kamar ka rubuta Sarkin Yaƙi ne ka manta da Sarkin.

Mafi muni shi ne Cuauhtemoc, sarkin ƙarshe, wanda Hernan Cortes, jagoran Sifaniyawan da suka ci ƙasar, ya rataye a 1525, kuma shi aka fi saye. Cuauhtli gaggafa ce, temo saukowa. Tambarin gaggafa ce kanta ƙasa, ta kawo sura, wani lokaci da sawun ƙafa masu gangarowa don a tabbatar da karatun. Shagon ya zana ta ta buɗe fukafukai tana tashi sama, wai ta fi kwarjini. Ta fi, amma temo ya tafi. Dalilin kuskuren a bayyane yake: jerin sarakunan Kundin Mendoza ya tsaya a kan Motecuhzoma na biyu, babu Cuauhtemoc a ciki, sai aka ɗauko gaggafa daga wani wuri. Motecuhzoma ɗin ma biyu ne, shagon kuma ya gwamutsa su. Na farko, 1440 zuwa 1469, ana yi masa laƙabi da Ilhuicamina, "mai harbin sama", tambarinsa kibiya ce ta soki zanen sararin sama. Na biyu, 1502 zuwa 1520, shi ne Xocoyotzin, ƙaramin, kamar mu ce Auta. Nasa shuɗin kambin sarauta ne mai tsini a goshi da jan maɗauri a ƙeya, yana tsaye a madadin tecuhtli, basarake, domin sunan na nufin wanda ya ɓata rai irin na sarakai. A littafin samfur na shagon an sa kambin a ƙarƙashin shekarun na farko, kuma ana liƙa shi a saman sunan duk wanda ya ƙara sefa 500. Mai sayen ya ɗauka rawani aka naɗa masa, alhali an ƙara wa sunansa gaɓa ce.

Akwai kuma Cuitlahuac a samfurin, wanda ya yi kwana 80 kacal a kan mulki a 1520 agana ta kashe shi. An rubuta "zinariya" a ƙarƙashin murɗaɗɗen abin da ke tambarinsa. Cuitlatl kashi ne. Zinariya teocuitlatl ce, kashin alloli, a nan ruɗanin ya samo asali. Mu da muke da Ajuji da Bawa a gidan da 'ya'ya ba sa tsayawa, bai kamata suna marar daɗi ya ba mu mamaki ba, sai dai a gaya wa mutum abin da zai rataya a falonsa.

Inda kuɗin shagon yake shi ne "sunanka da Aztek", kuma a nan muka fi jan kunne. Akwai takarda manne a bango da ta ba kowane harafin boko hoto guda, an ɗebo hotunan daga alamomin kwanaki 20 na kalandarsu. A kada, B iska, C gida, haka dai. Haruffan Faransanci 26 ne, alamomin 20, sai aka maimaita shida. Wannan takarda ba ta da tushe ko kaɗan. Aztek ba su da abacada. Oumarou, yadda yake a katin ɗan ƙasa, haruffa 7 ne, sai ya fito hotuna 7 a jere kamar ayarin jakuna, alhali sunan gaɓa uku ne a baki. Kada ku biya ko dala a kan wannan.

Hanyar gaskiya tana nan, marubutan Nawa, wato masu harshen Nawatil, da kansu suka shimfiɗa ta da baƙin sunaye suka zo musu. Suna da alamomin sauti: ruwa a, wake e, hanya mai sawun ƙafa o, hannu ma, kibiya mi, tuta pa, dutse ko leɓe te, haƙora tla, tukunya ko, takalmi ka, hayaƙi po, tarkon ɓera mo, tsuntsu to. Tun a 1849 Bafaranshe Joseph Aubin ya nuna cewa a wata rajistar filaye ta garin Tepetlaoztoc an rubuta sunan Itzcoatl iri biyu, sau ɗaya da macijin, sau ɗaya da baƙin dutse da tukunya da ruwa, itz-ko-a. Wakilin sarkin Sifaniya na farko a can, Antonio de Mendoza, an rubuta shi da metl, tsiro mai kaurin ganye kamar kabar giwa, da tozan, dabba mai haƙa rami kamar gafiya: me-toza. Ba a damu da n ɗin da ta ɓace ba. Rubutun bai cika kawo kowane sauti ba, yana kawo abin da zai isa wanda ya san mai sunan ya gane.

Kafin a bi wannan hanya da sunayenmu sai an san abin da harshen ya rasa. Nawatil ba shi da b, d, f, g, r, balle ɓ da ɗ da ƙ. Wasulansa huɗu ne, a, e, i, o, kuma babu kalmar da ke farawa da l. Saboda haka b da f sun koma p, d ta koma t, r ta koma l, u ta koma o. Fatima ta zama pa-te-ma, tuta da dutse da hannu. Amadu a-ma-to, ruwa da hannu da tsuntsu. Buba po-pa, hayaƙi na tashi daga tuta, alama biyu da ke shiga maƙalar makulli ba matsi. Bakari ya yi sa'a: tuta a kan gida, gida kuwa calli ne, pa-kalli. Amina ta fi kowa. Mina a Nawatil harbi da kibiya ne, shi ne a cikin Ilhuicamina, to kibiya ta soki ruwa ta ba da a-mina cif, ba ragi ba ƙari. Umaru ne mai wuya saboda gaɓar ƙarshe. A tsaya a hanya da hannu, o-ma, marubucin Nawa ma da haka zai bar shi. Da aka kai wa badukun waɗannan a takarda ya fitar da su tsaf, har ya fi jin daɗinsu, don alama uku sun fi bakwai sauƙin tsarawa a fata. A harhaɗe ake zana su, ɗaya na taɓa ɗaya, su zama dunƙule guda.

Wani tarko na musamman gare mu da muka yi lakol da Faransanci shi ne ch. A rubutun Nawatil ch c ce ta Hausa, kamar a "ci". Sautin sh da x ake rubuta shi. Hu w ce, z s ce, cu kafin wasali kw ce, tl kuma sauti ɗaya ne. Chimalpopoca Cimalpopoka ne, Axayacatl Ashayakatl. An kawo wa shagon Aïchatou, aka ga ch, aka sa barkono, chilli, suna ya koma Acil. Abin da ake so rairayi ne, xalli, wanda ake zana shi da tarin ɗige-ɗige: ruwa da rairayi da tsuntsu, a-sha-to. Ku faɗi sunan da baki, a ajiye katin ɗan ƙasa a aljihu.

Hanya ta biyu fassarar ma'ana ce, kuma ta fi dacewa da sunayen gida. Anaruwa Quiyahuitl ne, ruwan sama. Najma Citlalin, tauraruwa. Zahra mai ma'anar fure Xochitl. Hasan da Husaini kuwa su shirya: coatl maciji ne, shi ne kuma tagwaye, har yau mutanen Meziko na ce wa ɗan tagwaye ko amini cuate. Yadda muke da Tanko da Kande da Gambo da Auta, su ma matansu na amsa Teyacapan ta fari, Tlaco ta tsakiya, Xoco auta. Mai neman sunayen talakawa irin waɗannan ya nufi rajistar haraji ta garin Huexotzinco ta 1560, wadda ke babban ɗakin karatu na ƙasa a Faris, mai dubban kawunan magidanta kowanne da tambarinsa. Shagon bai taɓa ta ba tukuna, ita kuwa ta fi kundin sarakuna amfani ga wannan sana'a nesa ba kusa ba. Gargaɗi ɗaya: masu son a ƙara musu -tzin na girmamawa, kamar a Xocoyotzin, su sani alamarsa daga tzintli take, ɗuwawu, ana zana rabin mutum na ƙasa a tsugune. A sunayen garuruwa aka fi ganinta, a sunan mutum galibi barinta ake yi. Ku ma ku bar ta.

Sunan ranar haihuwa shi ne na uku. Kalandar tonalpohualli kwana 260 ce, alamomi 20 suna juyawa da lambobi 13, a samu suna kamar Ce Acatl, Kyauro 1, ko Macuilxochitl, Fure 5. Ya yi kama da Ladi da Balarabe da Jummai, sai dai su kwanakinsu sun fi namu yawa. Shagon na lissafin da wata manhaja a waya, kuma akwai gwaji mai sauƙi. Tenochtitlan ta faɗi ranar 13 ga Agusta 1521 a tsohuwar kalandar Turawa, ranar Maciji 1 a shekarar Gida 3. A kalandar yanzu 23 ga Agusta ke nan, bambancin kwana 10. In manhaja ba ta ba da Maciji 1 ba a ɗayan biyun, ba abin dogaro ba ce. Ta shagon ta ci gwajin. Inda aka kauce shi ne lamba: an sa sanda a madadin 5, wanda salon Maya ne, wata al'umma daban ta can. Kundayen Aztek ɗigo zalla suke jerawa, daga 1 zuwa 13, kuma ba a wuce 13. Sannan wanda takardarsa ke cewa "né vers", wato an haife shi wajen shekara kaza, ko aka ba shi 1 ga Janairu a ofis, sunan ranar magatakarda zai samu. Kuma a san cewa wannan kalanda ta duba ce a wurinsu, da ita masanin kwanaki ke faɗa wa iyaye rabon jariri. Shagon na sayar da alamar ne kawai ba ya faɗin rabo, mun kuma ga dacewar hakan.

Mun yaba masa a wani wuri ma. Ba ya karɓar sunan da ke ɗauke da sunan Allah, irin su Abdullahi da Abdurrahman, ko sunayen annabawa, sai ya ce a kawo laƙabi. Ga wanda ba ya rataye hoton mai rai, akwai sunaye da yawa da ke fita da tuta da dutse da ruwa da gida kawai, kuma ana iya barin hoton mutumin a babban allo.

In za ku yi oda, ku faɗi sunan da baki ku raba shi gaɓa-gaɓa, ku zaɓi sauti ko ma'ana, kada ku haɗa biyun a tambari ɗaya. Ku nemi zanen fensir a takarda kafin a taɓa fata, ana turowa ta WhatsApp ga na nesa. Ku ƙirga alamomin, ku tambayi sunan kowacce da Nawatil. Duk wadda ba ta da amsa ado ce, a goge ta. A bayan allon a rubuta karatun da boko ko ajami, yadda aka yi wa Kundin Mendoza bayani da Sifaniyanci a gefen zane, don ranar da jika zai tambaya. Masu karɓa a Garwa ko Gaundare ko Kusuri ta motar haya su ce a sa allon a miƙe tsakanin kwali biyu. In aka naɗe shi kamar tabarma farin ya karye a layi, kuma ba ya gyaruwa sai an kankare duka an sake shafi uku daga farko.